Mudun Ilimi a Hannun Iyaye

Babu wanda bai san abin da ake nufi da tauye mudu ba. Mai awo ya lotsa gindin tiya, ko ya sa yatsa ya zabge tozo, mai saye kuwa ba zai gane ba sai ya isa gida, tuwo ya kasa ƙosar da yara. A wannan wata muna so mu yi tunani a kan wani mudu dabam, watau wanda ake auna karatu da shi, mu kuma tambayi kanmu abin da ke wuyan mutum idan aka danƙa masa mudun, aka ce ya auna wa ɗan cikinsa. Misalinmu daga ƙasar Amurka za mu ɗauko shi, gama a can ne wannan al'amari ya fi fitowa fili.

Tun daga shekarar 1993 doka ta yarda, a dukan jihohi 50 na Amurka, iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida ba tare da sun tura su makaranta ba. A 1999 gwamnatin ƙasar ta ƙiyasta cewa yara wajen 850,000 ne ke karatu ta wannan hanya. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, hukumar ƙidaya ta ƙasar ta ga cewa cikin gidajen da ke da yara 'yan makaranta, masu koyarwa a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 zuwa kashi 11.1 a 'yan watanni kaɗan. Muddin yaro yana ƙarami, aikin da sauƙinsa: karatu da rubutu da ƙirga. Amma da zarar ya kai babbar sakandare, wadda a can shekara 4 ce, daga aji 9 zuwa aji 12, sai lissafi ya shigo. Kafin watan Satumba uwa ko uba za su zauna da takarda da alƙalami su tsara darussan shekara, su kuma ƙirga abin da ake kira kiredit.

Ya kamata mu bambanta wannan kalma da yadda muka saba jin ta. A wurinmu, idan an ce yaro ya sami kiredit 5 a jarrabawar WAEC, makin da ya ci ake nufi. A Amurka kiredit awon lokaci ne. Asalinsa kuwa ba daga aji ya fito ba. A 1905 attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 domin a riƙa biyan malaman jami'a fansho. Sai gidauniyar da ke kula da kuɗin ta bukaci sanin wace makaranta ce ta cancanci a kira ta jami'a, wace ce kuma sakandare ce kawai mai babban suna. A 1906 ta tsai da ma'auni: awa 120 na zama gaban malami a darasi guda shi ne kiredit 1, kuma makarantar da ke son malamanta su shiga tsarin fansho sai ta nemi kiredit 14 daga kowane ɗalibi kafin ta ɗauke shi. Minti 40 a rana, sau 5 a mako, har mako 36, shi ke ba da awa 120 daidai. Da wannan mudu ake auna karatun sakandare a ƙasar har yau.

To, ga uwa ta zauna tana tsara wa 'yarta mai shekara 15 karatun aji 10. Za ta rubuta Turanci, kiredit 1, lissafi, 1, kimiyyar haɗa sinadarai, 1, tarihi, 1, wani harshe na waje, 1, sa'an nan rabi na motsa jiki da rabi na kiɗa ko zane. Jimla 6, domin a ƙarshen shekara 4 a sami abin da ya haura 20, kamar yadda jami'o'i da yawa ke so su gani. Idan a jihar Niyok take zaune, hukuma na biye da ita: za ta miƙa tsarin a rubuce, ta cika awa 990 a shekara, ta aika rahoto sau 4, yarinyar kuma ta zauna jarrabawa kowace shekara. Idan a jihar Teksas ce, doka ba ta neman ta kai wa kowa rahoto ko ta gabatar da yarinyar ga wata jarrabawa. A jihohi da yawa uwar ce za ta rubuta takardar sakamako da hannunta, ta sa maki, ta sa hannu, ta aika wa jami'a. Ita ce malama, ita ce mai duba jarrabawa, ita ce kuma shugabar makaranta.

A nan ne tambayarmu take. Bari mu ce watan Mayu ya zo. A cikin shekarar kakar yarinyar ta kwanta ciwo wata 3, gidan duka ya koma jinya. Littafin kimiyya rabinsa aka karanta, gwaje-gwajen da aka shirya ba a yi ko ɗaya bisa uku ba, awoyin da aka rubuta 70 ne. Uwar ta san 'yarta mai hazaƙa ce, ta kuma san cewa rashin ba laifinta ba ne. Babu mai leƙen littafin awoyinta. Idan ta rubuta kiredit 1 cikakke, wa ta cuta?

Kafin mu amsa, sai mu tabbatar da cewa mudun nan ba satarsa ta yi ba, haƙƙinta ne. A 1925 kotun ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Oregon wadda ta nemi tilasta wa yara shiga makarantun gwamnati kaɗai, bayan wata ƙungiyar Sistoci masu makarantu ta kai ƙara. Shekara 40 bayan haka, a 1965, Majalisar Vatican ta Biyu ta koyar cewa iyaye su ne malamai na fari ga 'ya'yansu, tun da su suka kawo su duniya. Amma mu lura da inda wannan haƙƙi ya samo tushensa. Daga nauyi ya fito. An ba iyaye ikon zaɓar hanyar ilimi domin yaron ya sami ilimin, kamar yadda ake ba mai riƙon maraya ikon juya dukiyarsa domin amfanin marayan. Yaro amana ne, kuma duk ikon da aka ba mai riƙon amana, ranar bayani tana tafe da shi.

Saboda haka muna ganin takardar sakamako shaida ce, kamar wadda ake bayarwa a gaban alƙali. Wanda ya sa mata hannu yana ce wa mutanen da ba su taɓa ganin yaron ba: ku yarda da ni, wannan ya san abu kaza. Idan shaidar ta zama ta zur, aƙalla mutum 3 aka zalunta. Ta fari ita ce yarinyar. Za ta shiga ajin kimiyya a jami'a da takardar da ke cewa ta shirya, malami zai fara daga inda ya zaci ta tsaya, za ta kuwa ɗauka ita ce daƙiƙiya, alhali gininta ne aka bari babu harsashi. Abin da ya fi wannan muni, ta koya daga bakin uwarta, ba tare da an furta ko kalma ba, cewa ana iya gyara gaskiya idan babu mai gani. Na biyu shi ne wani yaro a wani gari, wanda ya yi awoyinsa 120 cif, ya nemi gurbi ɗaya da ita, aka ba ta aka bar shi. Na uku su ne sauran iyaye masu koyarwa a gida, gama ana karɓar takardunsu ne bisa yarda, kuma idan kifi ɗaya ya ruɓe, kwandon duka ake zargi.

Mai hankali zai iya ƙalubalantarmu ya ce: ai mudun kansa ba adali ba ne. Wani yaro zai gama littafin lissafi cikin awa 80 ya fahimce shi sarai, wani zai yi awa 200 yana fama, wani kuma zai zauna awa 120 a makaranta yana gyangyaɗi a ba shi kiredit. Me ya sa za a ɗaure lamirin uwa da ma'aunin da aka ƙago domin fanshon malamai? Wannan magana tana da ƙarfi, ba za mu kuwa raina ta ba. Gidauniyar Carnegie da kanta, a wani rahoto da ta fitar a 2015, ta yarda cewa ma'aunin nata lokaci yake aunawa, ba abin da ɗalibi ya koya ba. Amma raunin mudu ba ya halatta algus. Abin da yake halattawa shi ne a faɗi ainihin abin da aka yi. Yaron da ya gama littafin duka cikin awa 80, ya kuma ci jarrabawarsa, uwarsa tana da gaskiya idan ta rubuta masa kiredit, gama abin da kiredit ke wakilta ya samu. Yarinyarmu kuwa ba awoyi kaɗai ta rasa ba, rabin ilimin ne bai shiga ba. Hanya a buɗe take: a rubuta rabin kiredit, ko a ƙarasa littafin a lokacin hutu, ko a ɗaga darasin zuwa baɗi. Dukansu akwai ɗaci, amma babu wadda za ta hana uwa barci.

Akwai kuma jaraba ta biyu, wadda ta fi ta fari ɓoyuwa, gama kamar ƙwazo take zuwa. Ita ce a mai da mudun ubangida. Uwa mai tsoron kada a raina 'yarta sai ta cika tsarin da darussa 8 ko 9, ta riƙa duban kowane motsi na yarinyar da idon mai ƙirga: dafa abinci ya zama darasi, ziyarar mara lafiya ta zama darasi, hira da uba ta zama darasi. Idan da gaske yarinyar ta koyi sarrafa abinci bisa tsari, da karatu da gwaji, babu laifi a rubuta. Amma wata 3 da ta yi tana juya kakarta a kan gado, tana ba ta magani da tsakar dare, muna ganin ya fi kyau a bar shi a wajen takarda. Mai yiwuwa shi ne darasi mafi girma na shekarar duka, darajarsa kuwa tana cikin cewa ba domin maki aka yi shi ba. Yaron da aka saba masa da samun lada a rubuce a kan kowane alheri, wata rana zai tambayi ribar da ke cikin ƙaunar iyayensa.

Ina mafita ke nan? A ganinmu gaskiyar watan Mayu tun a watan Agusta ake shuka ta. Wanda ke tsara shekara ya rubuta, tun kafin a buɗe littafi, abin da zai sa a ce an gama kowane darasi: babi nawa, gwaji nawa, rubutu nawa, wace jarrabawa. Alkawarin da mutum ya yi wa kansa da sanyin kai shi ke riƙe shi ranar da tausayi ya rinjaye shi. Sa'an nan ya nemi idon wani, ko da doka ba ta tilasta masa ba. Iyaye da yawa a Amurka suna haɗa kai, wanda ya iya kimiyya ya koya wa yaran gidaje 5 ko 6, wasu kuma suna tura manyan yaransu su ɗauki darasi ɗaya ko biyu a ƙananan kwalejoji na unguwa, inda baƙo ne zai ba da maki. Uwar da ta ce, "Wannan fanni ya fi ƙarfina," ba ta kasa ba; hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga ƙarshe, a zaunar da yaron a teburin da ake tsarawa. Ɗan shekara 15 ya isa a tambaye shi abin da yake so ya zama, ya kuma isa ya ga littafin awoyi da idonsa. Rayuwarsa ce ake aunawa, kuma wanda aka shirya mudun a gabansa shi ne zai fara cewa, "Mama, ba mu gama ba tukuna."

Ko da yake misalin nan daga nesa ya zo, da wuya a sami wani a cikinmu da ba a taɓa danƙa masa irin wannan mudu ba. Malami yana cika katin sakamakon ɗan maƙwabcinsa, mai sana'a yana yaye almajirinsa, mu ma da kanmu mukan rubuta wa matasa takardar shaidar hali. A kowane hali ƙauna takan raɗa mana mu ɗan ƙara, mu kuwa sai mu tuna cewa wanda muke ƙauna shi ne zai ɗauki kayan da muka auna masa, ya yi tafiya da su inda ba za mu bi shi ba. Allah ya ba iyaye da malamai ƙarfin zuciya su auna wa 'ya'yansu da mudun gaskiya, ya kuma albarkaci wahalarsu. Amin.