Alamar da Teku Ke Bari a Gaɓa

A yammacin Sikotland, inda sanyin ruwan teku kan kashe hannu cikin 'yan mintuna, akwai masu tafiyar kwanaki a wani siririn kwalekwale da ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na Girinland da arewacin Kanada, waɗanda suke ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙirar itace. Na yanzu yawanci na roba ne, tsawonsa kamar mita 5, faɗinsa kamu ɗaya da 'yan kai. Mutum guda yake ɗauka, da tantinsa da guzurinsa. Ayari suke yi, da madugunsu, su yada zango a tsibirin da yamma ta riske su.

Abin lura yana wurin yada zangon nan. Allah Ya hore wa teku cika da janyewa sau biyu a kwana ɗaya: awa 6 da 'yan mintuna tana hawa, kamar haka kuma tana sauka. Watan da ake fita dubansa a Katsina don azumi da salla, shi ke jan ta, rana na taya shi. Saboda haka kullum cikar takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta jiya. A Legas bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa bai wuce kamar mita 1 ba, amma a mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16.

Idan ayari ya iso gaɓa ruwa ya janye, sai ka ga fili shimfiɗe, yashi mai laushi, kamar an share shi don baƙi. Sabon shiga nan zai so kafa tanti, don ya gaji, kuma jan kwalekwale mai kaya zuwa tudu wahala ce. Madugu kuwa tudu yake hawa yana duban ƙasa. Abin da yake nema wani dogon layi ne na busasshiyar ciyawar teku da guntayen itace, inda cikar da ta wuce ta tsaya. Sama da layin nan ake kwana, can ake ɗaure kwalekwale. Layin ma ba a sakankance da shi, domin idan ana tunkarar tsayuwar wata ko daren sha huɗu, cikar yau takan zarce ta jiya. Sai an ƙara hawa.

Kuma ruwan ba ya zuwa da hayaniya. A awar farko da kyar ake ganin motsinsa. A awa ta uku da ta huɗu ne kusan rabin cikar duka ke shigowa, lokacin mai tantin ƙasa ya yi nisa a barci.

Wanda ya san unguwar GRA ta Katsina ya san wata irin cika da janyewa da ba ta ruwa ba. Tun zamanin Turawa gidajen nan suke sauya masu su, kuma tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987 gwamnatoci nawa suka zo suka wuce? Ran da aka ba mutum muƙami, ƙofar gidansa ba masaka tsinke: motoci har bakin titi, 'yan uwan da ba a san da su ba, masu ranka ya daɗe tun da asuba. Ran da aka sauke shi, maigadi kaɗai ke zaune a benci. Mutane kan ce butulci ne, akwai shi kuwa, amma abin yana da lokaci da tsari har ya zama bai kamata ya ba kowa mamaki ba.

Mamakin yana ga maigidan da ya auna rayuwarsa da ranar cika: ya ɗauki nauyin da kujera ce kawai za ta iya riƙe shi, ya daina ɗaga wayar abokan ƙuruciya. Takwaransa shi ne wanda ya ga maƙwabci ya sauka ya daina gaishe shi, ya kafa tantinsa a filin da ya ɗauka ruwa ya bari har abada. Shekara huɗu ba nisa. Dukansu biyu layin ciyawa yana gabansu, don babu gidan da ke kan titin da bai taɓa cika ya janye ba.

Madugun ayarin can ba ya fushi da teku, ba ya kuma yi mata kirari. Yana da ɗan littafin jadawalin cika da janyewa, wanda ake bugawa tun kafin shekara ta kama. In jadawalin ya ce ƙarfe huɗu na asuba ruwa zai yi daidai da hanyarsu, ƙarfe huɗu ake naɗe tanti, ko da ana yayyafi.