Buƙata Ce Ko Kwaɗayi?

Wannan magana ta samo asali ne daga soron gidanmu, inda ƙanena Auta ya kafa ɗan situdiyonsa. A nan muke ɗaukar littafina na huɗu da murya, saboda matan da ba su da sukunin zama su karanta, sai dai su kunna waya suna tuƙa tuwo.

Ran nan ya zo ya zauna yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, filogin ɗin nan fa sun tsufa, ya kamata mu sabunta." Ga wadda ba ta sani ba, filogin wasu 'yan ƙananan manhajoji ne da ake maƙalawa a cikin babbar manhajar haɗa sauti. Wani ya daidaita murya kada ta yi sama ta yi ƙasa, wani ya rage kaifin "s", wani kuma a yi gyaran ƙarshe da shi don ƙarar ta fito daidai a kowace na'ura. Irinsu ne Auto-Tune, wanda ya fito tun 1997, wanda kuke jin aikinsa a waƙoƙin finafinanmu.

Da dala ake saye. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuwa kowa ya san yadda aka yi, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Da ya yi mini lissafi sai na ga kuɗin zai cinye kwasar adashina, wadda na ƙulle don ɗab'in littafin.

Wallahi daren nan ban runtsa da wuri ba. Na yi ta tambayar kaina, shin buƙata ce wannan ko kwaɗayi? Ni mace ce, na san yadda sabuwar atamfa ke tsofar da ta cikin akwati alhali ko wanki uku ba ta sha ba. Jiya-jiya Auta yake yaba kayan nan nasa, ba abin da ya lalace a cikinsu, tallan sabon ne kawai ya gani. Amma fa kada in zalunce shi, sana'arsa ce. Maƙerin da ya ce uwar maƙerarsa ta tsage ba a ce masa mai kwaɗayi. Kuma da gaske in aka sabunta kwamfuta wani tsohon filogin yakan ƙi buɗewa, sai an sake biya. Su kamfanonin ma sun fi son a yi ta biya. A watan Maris na 2023 kamfanin Waves ya ce ya daina sayarwa sai haya wata-wata, da masu sana'a suka yi ca a kansa bai yi mako ba ya janye.

Wani abokinsa ya ce a ba shi filash ya zubo mana na sata, kyauta. Nan kam ban tsaya shawara ba. Ni da aka karanta littafina na fari a intanet daga bango zuwa bango ba a ko sallama mini ba, da wane baki zan ci gumin wani?

Sai na ce, "Auta, ai suna ba da gwaji na 'yan kwanaki, ko?" Ya ce eh. Na ce to ya haɗa babi ɗaya sau biyu, da tsoho da sabo, kada ya gaya wa kowa wanne ne wanne. Muka tara Inna da matan maƙwabta a tsakar gida, muka kunna a 'yar wayar Inna mai tsagaggen gilashi, don irinta masu saurarona ke riƙewa.

Ba wadda ta bambance. Ni kaina sau biyu ina nuna tsohon ina cewa shi ne sabo, Auta na ta haɗe rai. Sai da aka zo wurin da Binta ke kuka a gaban uwar mijinta, Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Wannan na biyun ba na jin janareton mai shago a bayanki." Ashe a cikin sababbin akwai mai share hayaniya, kuma kukan janareton nan ya daɗe yana ɓata mana wuraren da ake son shiru.

Shi kaɗai na biya. Auta ya ce, "Yaya, sauran fa?" Na ce ya bari sai ranar da Inna ta ji su. Ragowar kuɗin na kai wa mai ɗab'i ranar Asabar, ya ce takarda ta ƙara tashi, kwafi ɗari biyar zai iya yi mini maimakon dubu.