Kafin a yanke wa garken tsuntsaye hukunci

Idan garken ƙananan tsuntsaye ya taso da magariba a bakin Tafkin Chadi ko fadamun Haɗeja da Nguru, yawancin mutane cewa suke jan-baki ne, an gama magana. Ina ganin wannan gaggawar zalunci ce, domin sunan da aka laƙaba wa garke hukunci ne a kansa: jan-baki jirgin feshi ake kira masa, maganin kuwa ba ya tambayar wa ya ci gero. Alhali bambancin jan-baki da sauran tsuntsaye a fili yake. Jan-baki a cure yake tashi kamar hayaƙi, yana murɗawa gaba ɗaya, idan ya sauka kiwo na baya su tsallake na gaba. Tsattsewar da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi a warwatse take shawagi dab da ruwa, kowace da ƙwaron da take bi, ba ruwanta da hatsi. Suratul An'am ta siffanta tsuntsaye da cewa al'ummomi ne irinmu, al'umma kuwa ba a kama ta da laifin maƙwabciyarta.

Za a ce manomin da shinkafarsa ta nuna ba shi da lokacin tsayawa kallo. Gaskiya ne, asararsa ba ƙarama ba ce, kuma kare amfanin gona halal ne. Amma shi wannan manomin ya fi kowa sanin jan-baki, tun yana yaro yake korarsa da majajjawa. Mai kuskure shi ne wanda ke ba da umarnin feshi daga ofis. Nauyin tantancewa a wuyansa yake, kuma zuwa makwancin tsuntsayen cikin kacalla da yamma ɗaya ya ishe shi ya tabbatar.