Kwanon Baƙo da Lamirin Mai Gida

Zumunci a ƙafa yake, kuma a ƙasarmu ba a cika shiga gidan mutum hannu rabbana ba. Amma kafin mu rufe kwano, ya kamata mu tambayi kanmu: idan addinin mai gida ya hana shi cin abin da muka dafa, wa muka girmama da kyautarmu?

Mu dubi gidan Bayahude mai kiyaye Attaura. Littafin Firistoci, sura ta 11, ya haramta masa naman alade da kifin da ba shi da kamɓori, irin tarwadar da muke marmari. Ba ya haɗa nama da madara, har tukwanensu dabam ne. A kwanakin Idin Ƙetarewa ba ya barin gurasa mai yisti a gidansa. Don haka baƙo mai hankali yakan tambaya tukuna. In bai sami zarafi ba, sai ya kai 'ya'yan itatuwa da ba a yanka ba.

Wani zai ce, ai Kristi ya 'yantar da mu daga dokokin abinci. Gaskiya ne. To, amma Waliyi Bulus ya koya wa Romawa, a sura ta 14, cewa kada cinmu ya zama sanadin tuntuɓen wani. Manzanni ma, da suka taru a Urushalima, sun roƙi masu bi daga al'ummai su guji jini da naman abin da aka maƙure. A shekarar 1965 kuma, Majalisar Vatikan ta Biyu ta umarce mu da girmama Yahudawa da Musulmi.

Yahudawa ba su da yawa a Kaduna, amma darasin yana ƙofar gidanmu. Tun rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da rikicin Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya kusa zama iyaka tsakaninmu da Musulmi, kwanukan Kirsimeti da na Sallah suka ragu. Dattawan Kakuri da Barnawa suna tuna yadda Kirista yakan kai wa maƙwabcinsa Musulmi kazar biki ya yanka, domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. Wannan bai rage bangaskiyar kowa ba.

Mu da muke ƙin nama ranar Larabar Toka mun san nauyin a miƙo mana abin da ba za mu iya ci ba: in mun ƙi, mun kunyata mai bayarwa; in mun ci, mun saɓa wa lamirinmu. Kada mu jefa maƙwabci cikin wannan tsaka mai wuya. Mu tambaya kafin mu dafa, mu ware tukunyar da alade ko giya ba su taɓa ba, mu faɗi gaskiya game da wanda ya yanka. In kuma an mayar mana da kwano, mu karɓa ba fushi, gama kyautar domin mai gida aka yi ta tun farko.

Ubangiji ya albarkaci gidajenmu da na maƙwabtanmu. Amin.