Ribaɗin Wurno da Hukuncin Masu Yanke Hanya

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno ne domin ribaɗi, wato tsaron iyakar Musulmi, kuma can aka binne shi a 1837. Yau ta kan iyaka ake shigo wa 'yan bindiga da makamai, har da roka, tun bayan rushewar mulkin Gaddafi a Libiya a 2011. Mun ga abin da suka aikata a Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018, da kasuwar Goronyo ran 17 ga Oktoba 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan aiki hiraba, hukuncinsa kuwa yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33. Ko a yaƙin halal Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa taɓa mace da yaro da tsoho. To, ina ga makamin da ake harbawa daga nesa, wanda bai san liman ba, bai san jariri ba?

Abin da ya fi damuna shi ne na cikin gari. Imamu Malik yana ganin mai taimakon muharibi hukuncinsu ɗaya ne. Wanda ya kai musu fetur da dare, ko ya nuna musu gidan mai shanu, ya sani da hannunsa cikin jinin nan, ko da a sahun farko yake salla.