Dukiya ta Shigo, Aminci ya Fita: Darasi Daga Kafuwar Facebook

A gidajenmu na yau, da wuya a rasa wanda ya san Facebook. Kalmar da wannan dandali ya fi yawan amfani da ita kuwa ita ce "aboki". Mutum yakan aika roƙon abota, a karɓa, har ya yi alfahari cewa abokansa sun kai dubu. Abin da ya kamata ya sa mu tunani shi ne, biyu daga cikin samarin da suka kafa wannan dandali ba su iya riƙe abotar da ke tsakaninsu ba har ta cika shekara biyu da fara aikin. A gaban alƙali ta ƙare. Labarinsu ya ta da wata tambaya wadda ta shafi kowane mai bi da ya taɓa haɗa jari da ɗan'uwansa: idan aiki ya bunƙasa, abokin da aka fara da shi kuma ya zama kamar cikas, daidai ne a ture shi domin aikin ya rayu?

Yadda abin ya faru

A ranar 4 ga Fabrairu, 2004, wani ɗalibi mai shekara 19 a Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka, Mark Zuckerberg, ya buɗe wani dandali a intanet daga ɗakin kwanansa na makaranta, domin ɗalibai su san juna. Abokinsa Eduardo Saverin, haifaffen ƙasar Brazil, shi ne ya sa kuɗin farko, aka kuma ba shi wajen kashi 30 cikin ɗari na kamfanin, tare da kula da harkar kuɗi. Kafin ƙarshen wannan shekara masu amfani da dandalin sun kai miliyan ɗaya.

Tun kafin a je ko'ina rigima ta farko ta tashi. Waɗansu ɗalibai uku, tagwaye Cameron da Tyler Winklevoss da abokinsu Divya Narendra, sun ce tun a ƙarshen 2003 suka nemi Zuckerberg ya taya su gina wani dandali mai kama da wannan, ya amsa da baki, sa'an nan ya yi ta ja musu rai yana cewa ayyuka sun yi masa yawa, alhali kuwa yana gina nasa. Suka kai ƙara a 2004. A 2008 aka sasanta a kan dala miliyan 65, wani sashe tsabar kuɗi, wani sashe hannun jari, ba tare da kotu ta yanke hukunci a kan mai gaskiya ba. Ko da haka tagwayen ba su gamsu ba, suka nemi a warware sulhun, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi a 2011.

Rigima ta biyu ta fi ciwo, gama tsakanin aminai ta auku. A tsakiyar 2004 Zuckerberg ya ƙaura zuwa Palo Alto a jihar Kalifoniya tare da waɗansu abokan aikin, Saverin kuwa ya zauna a New York. Nisa ya kawo saɓani. Saverin ya ga ana yanke shawara ba da shi ba, ya rufe asusun kamfanin a banki. A lokacin nan Sean Parker ya shigo ya zama shugaban kamfanin, attajiri Peter Thiel kuma ya zuba dala 500,000. Aka sake rajistar kamfanin, Saverin ya sa hannu a sababbin takardu, sa'an nan a farkon 2005 aka ƙirƙiro sababbin hannayen jari aka raba wa waɗansu, ban da shi.

Domin a gane dabarar, bari mu yi misali. Idan hannayen jarin kamfani 100 ne, 30 naka ne, sai aka ƙara 300 aka ba waɗansu, naka 30 ɗin suna nan ba wanda ya taɓa su, amma yanzu 30 ne cikin 400, wato ba su kai kashi 8 cikin ɗari ba. Ta irin wannan hanya rabon Saverin ya faɗi ƙasa da kashi 10. Aka shiga kotu, aka sasanta a 2009, aka mayar da sunansa cikin jerin waɗanda suka kafa kamfanin. Ya zama babban attajiri, ya koma Singafo da zama. Kuɗinsa dai ya samu, amma irin zaman da suka yi a makaranta ya wuce ke nan.

A ji ta bakin kowa

Ba daidai ba ne mu yi gaggawar yanke hukunci, gama Littafin Karin Magana sura 18 ya gargaɗe mu cewa wanda ya fara kawo ƙara yakan yi kamar shi ne mai gaskiya, sai an ji ta bakin ɗayan. Masu kāre Zuckerberg suna da hujja. Tunanin haɗa mutane a intanet ba na tagwayen ba ne su kaɗai, domin Friendster da MySpace sun riga su. Wanda ya yi tunanin haƙa rijiya da wanda ya haƙa ta ba ɗaya suke ba. Game da Saverin kuma, sauran suna aiki dare da rana yana can nesa, rufe asusun da ya yi kuwa ya kusa durƙusar da aikin. Wa zai yarda ya riƙa noma gona shi kaɗai, a zo girbi a raba da wanda bai riƙe fartanya ba?

Hakika wannan magana tana da nauyi. Abota ba ta ba kowa izinin cin gumin wani, Littafi Mai Tsarki kuma bai umarce mu mu ci gaba da haɗin jarin da ya riga ya lalace ba. Saboda haka rabuwa ita kanta ba zunubi ba ce. Inda matsalar take shi ne hanyar da aka bi aka rabu. Saƙonnin da wata jaridar Amurka ta wallafa a 2010 da 2012 sun nuna cewa jan ran da aka yi wa tagwayen da gangan ne, kuma an shirya rage rabon Saverin ta yadda ba zai farga da wuri ba. Zuckerberg da kansa ya faɗa a 2010 cewa ya yi nadamar irin saƙonnin da ya rubuta a ƙuruciyarsa. Saverin ya sa hannu a takardun nan ne domin ya amince da wanda ya miƙo masa su. Amincewarsa ita ce ta zama ƙofar da aka shiga aka cuce shi, wannan kuwa shi ne ainihin abin da muke kira cin amana. Baƙo ba ya iya cin amanarka, gama ba ka ba shi ita ba tun farko.

Rabuwa iri biyu a cikin Littafi Mai Tsarki

Littafin Farawa sura 13 ya ba mu labarin Ibrahim da Lutu. Lokacin da suke tafiya da ɗan abin hannunsu ba mu ji wata rigima ba. Sai da garkuna suka yi yawa, ƙasa ta kāsa ɗaukarsu, sa'an nan faɗa ya tashi tsakanin makiyayansu. Ashe ba talauci kaɗai yake gwada zumunci ba, wadata ma tana gwada shi, wani lokaci fiye da talauci. Ibrahim bai jira abin ya ruɓe ba. Ya kira Lutu ido da ido, ya tuna masa cewa su 'yan'uwa ne, ya kuma bar masa zaɓi, ko da yake shi ne babba. Lutu ya ɗauki wuri mai dausayi. A lissafin kasuwa Ibrahim ya yi hasara, amma da aka kama Lutu a yaƙi, a sura ta gaba, Ibrahim ne ya tashi da mutanensa 318 ya ƙwato shi. Sun raba makiyaya, zumuncinsu kuwa yana nan.

A gwada wannan da zaman Yakubu da Laban. Shekara ashirin suna tare, kowa yana yi wa ɗan'uwansa dabara. Yakubu ya ce an sauya masa lada har sau goma, shi kuma a ƙarshe ya kwashe iyalinsa da garkensa ya gudu a ɓoye. Da suka sasanta, sai da suka tara tsibin duwatsu a tsakaninsu, kowa ya rantse ba zai ƙetare shi ya cuci ɗayan ba. Sulhun kotu irin wannan ne: yana hana faɗa, amma tsibin duwatsun yana nan tsaye a tsakani.

Ko manzanni ma sun saɓa, gama tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. A Ayyukan Manzanni sura 15 Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Yahaya Markus, har kowa ya kama hanyarsa. Amma a fili suka yi ta, kowa ya san dalilin ɗan'uwansa. Saboda ba a binne kome a ƙasa ba, ƙofa ta kasance a buɗe, har daga baya Bulus ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi.

Abin da ya shafe mu

Kada wani ya ce wannan labarin masu dala ne a Amurka. Zuciyar ɗan Adam ɗaya ce, ko a kan biliyan ko a kan injin niƙa. Sau nawa dattawan ikilisiya suke zaman sulhu tsakanin 'yan'uwa biyu da suka haɗa kuɗi suka buɗe shago, ko suka sayi babur, ko suka kama gona tare? Yawanci da addu'a da dariya ake farawa. Idan wani ya ce a rubuta, sai a ce masa, "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?" Shekara biyu bayan haka, ga su a majami'a ɗaya, ba mai gai da wani.

Abu na fari, a tsai da magana tun aljihu bai cika ba. A rubuta abin da kowa ya kawo, kuɗi ko ƙarfi, da rabon kowa, da yadda za a rabu idan ta kama, a gaban shaidu. Rubutu yana tsare zumunci daga mantuwa da kwaɗayi, rigakafi kuwa ya fi magani.

Abu na biyu, alkawari kaya ne, ko da na baki ne. Ubangijinmu Yesu ya koya mana a Matiyu sura 5 cewa amsarmu ta tsaya a kan gaskiya ba tare da rantsuwa ba. Idan ka sauya ra'ayi, ka je ka faɗa a ranar, kada ka bar mutum yana jiranka alhali ka riga ka bi wata hanya.

Abu na uku, idan abokin aikinka ya gaza, hanyar da Matiyu sura 18 ta shimfiɗa ita ce ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki shaidu, sa'an nan ikilisiya. Ga ma'auni mai sauƙi: duk shirin da kake yi game da abokinka wanda ba za ka so ya gani a rubuce ba, ka sani ka riga ka kauce. Bulus ya tambayi Korantiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 6, ko bai fi musu su haƙura a cuce su ba da su ja juna gaban kotu. Koyarwa ce mai wuya, amma tana nuna cewa akwai abin da ya fi rabonka daraja.

Iyaye kuma su lura. Samarin nan haziƙai ne a babbar jami'a, ilimi bai rage musu ba. Idan muna koya wa 'ya'yanmu cewa nasara ita ce kome, kada mu yi mamaki ran da suka taka aboki domin su kai gare ta. Yaro yana kallon yadda mahaifinsa yake yi da abokin cinikinsa, daga nan yake koyon ma'anar amana.

Watakila mai karatu yana da wanda suka fara tare, yau kuma ba sa ga maciji. Ubangiji ya ce idan ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka fara zuwa wurinsa tukuna. Zumunci a ƙafa yake. Ka tashi ka je, in akwai haƙƙinsa a hannunka ka mayar, in kuwa kai aka cuta ka buɗe masa ƙofar gafara. Allah ya ba mu zuciyar Ibrahim, ya kuma tsare amincin da ke tsakaninmu a ranar rashi da ranar samu. Amin.