Jinin da Aka Zubar a Shingen Bincike: Wa Zai Tsaya Shaida?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya haramta zalunci ga kanSa, Ya kuma haramta shi tsakanin bayinSa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, duk mai hawa hanya a ƙasar nan ya san shingen bincike. A ɗaga hannu, direba ya gangara gefe, a nemi takardu, ko a nemi na goro. Mafi yawan lokuta a rabu lafiya. Amma wani lokacin sai cacar baki ta kaure kan Naira ɗari ko ɗari biyu, a jawo direba daga mota, a sa masa kulki ko gindin bindiga, wani ma a ɗana masa kunama. Mutum ya bar gida da safe neman abin da iyali za su ci, da yamma a kawo gawarsa. Sai ka ji ana cewa bindiga ce ta tashi da kanta, dangi kuma a ce musu su bar wa Allah. To, me addini ya ce game da wannan jinin, kuma mene ne ya hau kan wanda abin ya faru a gabansa?

Mu fara da abin da ya faru aka kuma yanke masa hukunci. Ranar 25 ga Disamba, 2022, a ƙarƙashin gadar Ajah da ke Legas, wani jami'in ɗan sanda mai suna Drambi Vandi ya harbe wata lauya, Bolanle Raheem, tana cikin mota tare da mijinta, ga ta da juna biyu. An gurfanar da shi, ya musanta laifin. Masu gabatar da ƙara suka kawo shaidu 11, a cikinsu har da abokan aikinsa da suke tsaye tare da shi a wurin. Ranar 9 ga Oktoba, 2023, Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Duka-duka ba a cika wata goma ba.

Kafin wannan, a watan Yunin 2005, 'yan sanda sun kashe wasu matasa shida a Abuja bayan sun ci karo da su a kan hanya da dare, waɗanda ake kira 'yan Apo shida. Da farko cewa aka yi 'yan fashi ne. Sai da hukumar binciken da gwamnatin Obasanjo ta kafa ta saurari shaidu sannan ƙaryar ta fito fili. Hukuncin kotu kuwa bai zo ba sai a watan Maris na 2017, inda aka yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, aka sallami uku. Shekara kusan goma sha biyu iyaye suna jira. A duka shari'o'in biyu, gaskiya ba ta motsa ba sai da waɗanda suka gani suka buɗe baki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jini abu ne mai nauyi a wurin Allah. A Suratul Ma'ida aya ta 32 an daidaita kashe rai guda ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa shari'ar jini ce farkon abin da za a fara warwarewa tsakanin mutane ranar alƙiyama. Wani zai ce, ai Malam, waɗannan da ka ambata ba Musulmi ba ne. To ka sani, a cikin Bukhari akwai gargaɗin cewa wanda ya kashe wanda ba Musulmi ba da ake zaune da shi bisa amana, ko ƙamshin Aljanna ba zai ji ba. Idan muka yi shiru don wanda aka kashe ba namu ba ne, bindigar nan ba ta tambayar addini ko ƙabila, gobe direban Kano zuwa Kaduna ne a bakinta.

Sannan kaki ba ya ɗauke wa mutum hukunci. Lokacin da wata mata daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid ya nema mata sassauci. Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun baya shi ne ƙyale mai matsayi idan ya yi laifi, a hukunta talaka. Khalid ɗan Walid, kwamandan da ake kira Takobin Allah, da ya kashe mutanen Banu Jazima bisa gaggawa, Annabi (SAW) ɗaga hannu ya yi yana barranta zuwa ga Allah daga aikin Khalid, malaman tarihi kuma sun ce ya aika Sayyidina Aliyu ya biya diyyarsu. Ka ga a nan hukuma ba ta rufa wa jami'inta asiri ba, ta yi tir da aikin a fili, ta kuma ɗauki nauyin ɓarnar.

Sayyidina Umar ya taɓa shelanta wa jama'a cewa bai tura gwamnoninsa don su doki mutane ko su ƙwace musu dukiya ba, duk wanda aka yi wa haka ya kawo ƙara a rama masa. Hisham ɗan Hakim ya wuce wasu mutane a ƙasar Sham an shanya su a rana saboda kuɗin haraji. Bai ce ina ruwana ba. Ya tunatar da cewa ya ji daga Manzon Allah (SAW) Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya, ya shiga wurin sarkin garin, aka sake su. Wannan yana cikin Sahihu Muslim. Yanzu ka kwatanta da sa direba tsallen kwaɗo a kan kwalta, ko kwantar da shi a kwata, don bai ba da abin da ba haƙƙin kowa ba.

Mu zo kan maganar nan ta bindiga ta suɓuce. Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya auka da shi wuta. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ke nan tun daga saita bindiga ga direban da ba ya ɗauke da komai sai lasin, an riga an taka haram. A mashahurin zancen mazhabar Malikiyya, wadda ita muka gada a nan, kisa iri biyu ne, ko ganganci ko kuskure, kuma wanda ya kai wa mutum hari cikin fushi har ya mutu ana lissafa shi a mai ganganci, ko da ya ce bai yi nufin kisa ba. Ko kuskuren gaske ne ma, ba a share shi da ban haƙuri kawai. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga magada, da kaffarar 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Ɗan tayin da ke ciki ma yana da nasa haƙƙin daban.

Dokar ƙasa ma ba ta ba kowa lasin kisa ba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare rai, sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har na shekara 25, kuma ta ce umarnin oga ba hujja ba ne. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa da kora, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, akwai kuma sashen karɓar koke a cikin rundunar kanta. Dokoki dai ga su nan a rubuce. Sai dai alƙali ba ya yanke hukunci da jita-jita, sai da shaida, kuma a nan ne muke faɗuwa.

Motar haya cike da fasinja, a harbe direba a gabansu, kafin gari ya waye kowa ya kama gabansa. A nemi mutum ɗaya da zai ce na gani, a rasa. Alhali aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta siffanta mai ɓoyewa da mai zunubin zuciya. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayar da adalci da shaida saboda Allah, ko da a kan kanmu ne ko iyaye da dangi. Tsoro gaskiya ne, ba mai musu. Shi ya sa ba mu ce ka tsaya ka yi sa-in-sa da mai bindiga ba. Ka riƙe rana da lokaci da wuri, da lambar motar sintiri, da sunan da ke ƙirjin kakin idan ka gani. Ka karɓi lambar wayar wani fasinja. Ka kai wa dangin mamacin ko lauya. Ƙungiyoyin direbobi da limamai da masu unguwa su tsaya bayan mai shaida, kada a bar shi shi kaɗai.

Wayar da ke hannunka ma shaida ce, idan ɗaukar ba za ta jefa ka cikin halaka ba. A Amurka, cikin Afrilun 2015, wani ɗan sanda ya tsayar da Walter Scott saboda fitilar birki, daga baya ya harbe shi ta baya yana gudu, ya ce kare kansa ya yi. Bidiyon da wani mai wucewa ya ɗauka ya tona asirin, a 2017 aka ɗaure ɗan sandan shekara 20. Amma fa a ji tsoron Allah: kada a yanke bidiyo don a sauya ma'ana, kada a ɗauko tsohon hoto a ce na yau ne. Shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai, ko a kan wa aka yi ta.

Ya kai ɗan uwa ɗan sanda, wannan magana ta fi shafarka. Kai ne ka fi kowa sanin wanda ya harba da adadin harsashin da ya dawo da shi ma'ajiya. Annabi (SAW) ya umarce mu da taimakon ɗan uwa ko shi ne azzalumi, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zaluncin. Rufa wa abokin aiki asiri a kan jini tarayya ce da shi a cikin alhakin. Mun san akwai masu gaskiya a cikinku, masu kwana a hanya cikin sanyi da ruwan sama, wasu 'yan bindiga sun kashe su a bakin aiki sun bar marayu. Tirmizi ya ruwaito bushara ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, cewa wuta ba za ta taɓa shi ba. Kada ka sayar da wannan falala saboda wanda ba zai ɗaukar maka komai ba a lahira.

Ku kuma dattawa masu zuwa ba da haƙuri, yafiya abu ce mai kyau, amma haƙƙin magada ce. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe iko, tare da hana shi wuce iyaka. Mutum yana yafe abin da aka tabbatar masa ne, bisa zaɓinsa. Matsa wa bazawara da marayu su janye ƙara don wanda ya yi kisan yana da uwa a gindin murhu, wannan danniya ce da aka lulluɓe da sunan haƙuri. Barin wa Allah kuwa ai ya haɗa da bin hukuncin da Allah Ya ajiye.

Haka nan hana wuce iyaka ya rufe ƙofar ɗaukar doka a hannu. Ƙona caji ofis ko far wa duk wani mai kaki zalunci ne sabo, ba wanda ke ɗaukar laifin wani. Direba kuma, idan an tsayar da kai ka tsaya, ka gyara takardunka, ka tausasa harshe, kada ka fizgi mota ka jefa fasinja cikin haɗari. Idan an zalunce ka, ka tsira da ranka tukuna, sannan ka bi haƙƙinka inda ake binsa.

Ya Allah Ka jiƙan Musulmin da aka kashe bisa zalunci, Ka bi wa duk wanda aka zalunta haƙƙinsa. Ka shiryi jami'an tsaronmu, Ka kare masu gaskiyar cikinsu, Ka ba shugabanninmu ikon hukunta mai laifi komai girman muƙaminsa, Ka ba mu ƙarfin zuciyar faɗin abin da muka gani. Allah Ya kai matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.